Durƙusa Ka Ga Fure

Ina gaishe ku a Jakusko, da Girgir, da Buduwa, da Amshi, da Gogaram. Ina gaida mutanen Gashuwa da na Nguru, da masunta a bakin ruwa, da makiyaya a ruga. Yaya zafi? To, bazara ce, sai haƙuri. Allah Ya kawo mana damina mai albarka.

Yau maganar fure za mu yi, furen daji, wanda ba wanda ya shuka shi, ba wanda ya yi masa ban-ruwa. Za mu ga yadda mutum zai ɗauki hotonsa kusa-kusa da wayar da ke aljihunsa, har a ga jijiyoyinsa da ƙurar da ke cikinsa. Na san wani zai ce, ana fama da tsadar taki wa yake ta fure? Ɗan'uwa, ka ba ni aron kunnenka. Furen da kake takawa a hanyar gona shi ne zumar da kake saye a kasuwa. Shi ne ƙaron da ake ɗiba a jikin dakwara, domin sai ta yi fure take yin iri. Ya cancanci a tsaya a dube shi.

Bari mu fara da lokaci.

A ƙasashen Turai, furannin daji suna fitowa ne daga Maris zuwa Mayu, idan sanyi ya ja da baya. A can sanyi ne ke kwantar da tsiro, ɗumi ya tashe shi. Mu a nan arewacin Yobe rani ne ke kwantar da shi, ruwa ya tashe shi. Daminarmu kuwa gajeriya ce. Daga Yuni zuwa Satumba an gama, ƙarfinta a Agusta. A cikin waɗannan 'yan watanni ciyayi da yawa za su tsiro, su yi fure, su zubar da iri, su bushe. Wanda ya ce sai ya samu sukuni zai fita, ƙarangiya kawai zai tarar.

A Afirka ta Kudu akwai wani busasshen yanki da ake kira Namakwaland. Bayan ɗan ruwan da suke samu, a watannin Agusta da Satumba, fili yakan rufe da furanni, mutane su taho daga ƙasashe masu nisa don su ɗauki hoto. Ƙasarsu ma ƙasar fari ce kamar tamu. Su dai sun koyi tsayawa su duba, shi ke nan.

Kuma ba sai an jira ruwa ba. Tumfafiya tana da fure kusan kowane wata. Gawo, da yake shi a damina yake kaɗe ganye, da kaka yake fitar da nasa. Bagaruwa tana yin nata ƙwallayen ruwan ɗorawa cikin damina. Saboda haka yanzu, a wannan bazarar, ya kamata ka fara koyo da tumfafiyar bayan gari, domin ranar da ruwa ya sauka hannunka ya riga ya faɗa.

Yanzu sai mu juyo kan wayar kanta. Ka ɗauko ta, mu yi tare.

Juya bayanta. Ka ga ɗan gilashin nan na kyamara? Shi ne idonta. Yini guda yana cikin aljihu, tare da zufa da ƙura da maiƙon hannu. Ka goge shi da gefen rigar auduga mai taushi. Hoton da kake gani kamar an yi hazo, sau da yawa dattin gilashin nan ne. Ka goge kafin kowane ɗauka. Zan maimaita, ka goge kafin kowane ɗauka.

Abu na biyu, kowace kyamara tana da iyakar kusancin da take iya gani. Kai ma haka kake. Kawo yatsanka dab da idonka, za ka ga ya dushe. Yawancin wayoyinmu suna buƙatar tazarar faɗin tafin hannu, wato wajen santimita 8 zuwa 10. Ga yadda za ka san na taka wayar. Ka shimfiɗa takardar kuɗi a kan tabarma. Ka buɗe kyamara, ka riƙa matsowa a hankali. Da ka ga ƙananan rubutun sun fara narkewa, ka ja baya kaɗan har su fito raɗau. Wannan tazarar ka riƙe ta a ka. Ita ce iyakarka.

Wasu wayoyin suna da abin da ake kira makro. Makro na nufin ɗaukar ƙaramin abu daga kusa ƙwarai, har ya cika hoto. Alamarsa a kan fuskar waya ɗan zanen fure ne. Idan taka tana da shi, za ka iya matsowa zuwa faɗin yatsu biyu. Idan ba ta da shi, kada ka damu. Akwai ɗan gilashi mai matsewa kamar abin shanya, ana maƙala shi a kan kyamara, masu sayar da kayan waya sukan kawo shi. Gilashin ƙara girman rubutu ma yana yi, ka riƙe shi a gaban kyamara.

Akwai abin da nake roƙon ku ku rage, wato buɗa yatsu biyu a kan fuskar waya don jawo abu. Ana ce masa zum. A yawancin wayoyi wannan ba ya ƙara komai, yana miƙa hoton ne kawai kamar yadda ake jan roba, sai ya fito dishi-dishi. Ka jawo da ƙafarka. Ka matsa, ka durƙusa.

Ga inda aikin yake, ku saurara da kyau. Idan ka matso kusa da abu, wurin da zai fito tsaf yakan zama siriri ƙwarai. Masu sana'ar suna kiran wannan zurfin gani. Daga nesa, kyamara tana ganin rumfa da mutanen ciki da bishiyar bayanta duk tsaf. Daga kusa kuwa, zurfin nan ba ya wuce kaurin tsinken ashana biyu ko uku. Bakin fure zai fito, cikinsa ya dushe. Ko cikin ya fito, bakin ya dushe. Dole ka zaɓa. Ka taɓa fuskar wayar da yatsa daidai wurin da kake so ya fito. Wannan shi ne saita gani, wanda samari ke cewa fokas. A wayoyi da yawa, idan ka danne wurin na ɗan lokaci, saitin zai kulle, ba zai riƙa yawo ba. To ina za ka taɓa? Ni dai tsakiyar furen nake zaɓa, inda 'yan zararrakin nan masu ƙura suke. Idan kuma akwai ƙudan zuma a kai, ka taɓa kansa.

Gwada da tumfafiya. Furenta yana da kauri, ba ya rawa sosai a iska. Bayansa fari-fari ne, bakin kowane kunne shunayya, a tsakiya kuma akwai wani gini mai kusurwa biyar kamar an sassaƙa shi da wuƙa. Shekara nawa kana wuce ta? Na tabbata idan ka ga hoton a karo na farko za ka yi tasbihi. Sai dai a kiyaye. Farin ruwan nan nata yana illa ga ido ƙwarai. Kada ka karya reshe. Idan ya taɓa hannunka, ka wanke kafin ka shafa fuska.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan ɗaukar hoton furannin daji da wayar hannu. Mun ce a goge gilashi, a san iyakar kusanci, a taɓa inda ake so ya fito. Yanzu za mu shiga maganar haske da iska.

Ranar tsaka ba ta yi wa fure adalci. Takan wanke launinsa, ta jefa baƙar inuwa a cikinsa. Ga shi a bazara zafi yakan haura digiri 40, wayar ma ta ɗau zafi ta ƙi aiki. Lokacin ɗaukar fure shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar sakaliya. Ranar da hadari ya rufe sama ba a yi ruwa ba, wannan ranar ta fi kowace. Gajimare yana tace haske, launi ya fito yadda Allah Ya yi shi.

Idan dole ta sa ka ɗauka da rana, ka yi wa furen gajimare da kanka. 'Yar'uwa, farin mayafinki marar kauri ya isa. Wani ya riƙe shi tsakanin rana da furen. Ɗan'uwa, ko inuwar jikinka ma ta fi babu. Idan gefe ɗaya ya yi duhu, ka ajiye farar takarda ko murfin kwanon silba a wannan gefen, ya maido da hasken. Farin fure yana da wuyar sha'ani, domin waya takan ƙona shi ya zama fari fat babu zane. Bayan ka taɓa fuskar wayar, za ka ga ɗan zanen rana a gefe. Ka ja shi ƙasa kaɗan, hasken ya ragu, jijiyoyin furen su dawo. Fitilar kyamara kuwa, wato filasha, a kashe ta. Daga kusa ɓata hoto take yi.

Sai iska. Ita ce babbar abokiyar gabar mai ɗaukar fure. Motsin da idonka bai ɗauka a bakin komai ba, a wurin kyamara girgiza ce babba. Shi ya sa safiya ta fi, kafin iska ta tashi, ga raɓa tana kan ganye. Ka juya wa iska baya, jikinka ya zama danga. Ka kafa gwiwar hannunka a ƙasa ko a kan cinyarka. Ka riƙe wayar da hannu biyu. Ka fitar da numfashi, ka ɗan tsaya, sannan ka danna. Kuma kada ka ɗauki ɗaya ka tashi. Ɗauki goma. A cikin goman za ka sami ɗaya mai kyau, sauran ka goge. Ko gwanayen da suka shekara a sana'ar haka suke yi.

Ka lura da abin da ke bayan furen. Sau da yawa fure ya fito, amma ga baƙar leda a bayansa, ko takalminka. Ka ɗauke ledar, ka tafi da ita. Ka ɗan karkata har bayan ya zama yashi zalla, ko sama, ko inuwa. Kuma ka sauko daidai tsayin furen. Hoton da aka ɗauka a tsaye, ana leƙo shi daga sama, kowa ya saba ganinsa. Idan ka kwanta, ka dube shi ido da ido, sai ka ga abin da ba ka taɓa gani ba. Ka tafi da tsohon buhu na shimfiɗawa, saboda ƙaya.

To, ina za mu je, kuma me za mu tarar?

Ba sai ka yi nisa ba. Makonni kaɗan bayan ruwa ya zauna, ka duba bakin hanya. Tsidau, wanda ƙayarsa ke huda tayar keke, yana da ɗan fure ruwan ɗorawa mai kunne biyar, bai fi farcen yatsa ba. Gasaya tana da farin fure mai dogayen gashi kamar na mage. Tafasa tana ɓoye nata a hammatar ganye. Karkashi, da muka sani a miya kawai, furensa kamar 'yar ƙaramar kakaki ne, ruwan hoda, da zane-zane a leɓensa na ƙasa, jikinsa duk gashi. Ka sa rana a bayansa da safe, gashin nan zai yi ƙyalli. A bakin fadama ga duman rafi yana yaɗo, furensa kamar mazurari. Da safe yake buɗewa, kafin la'asar ya yi yaushi. Makiyaya sun san shi, domin ba ya yi wa tumaki da awaki daɗi.

Akwai ɗaya da zan yi magana a kansa daban, wato ƙuduji, wanda wasu ke cewa wuta-wuta. Furensa kyakkyawa ne, ruwan hoda mai haske. Amma manomin gero da dawa ya san ko wane ne. Saiwarsa tana maƙale wa saiwar hatsi tana tsotse ta. Tushe ɗaya yana zubar da iri dubbai, irin kuma yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma. Duk furen daji ina cewa a ɗauki hotonsa a bar shi a inda yake. Ban da wannan. Ka ɗauki hotonsa, sannan ka tuge shi kafin ya yi iri, ka fitar da shi daga gona ka ƙone.

Sai kuma ruwa, wanda shi ne arzikin wannan yanki. Kogin Haɗeja da na Jama'are suna bazuwa a nan kafin su haɗu su zama kogin Yobe, su bar mana fadamu da tafkuna. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayin duniya masu muhimmanci, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a Iran a 1971. Tafkin Dagona ya shiga a 2008. Tun kafin nan, a 1989, Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya zo Dagona saboda tsuntsayen da ke tahowa daga Turai su yi hunturu a nan. Baƙi suna zuwa don tsuntsu. A ƙarƙashin ƙafar tsuntsun kuwa ga bado.

Karon farko da na je ɗaukar bado, bayan azahar na isa bakin ruwa. Na tarar duk furannin a rufe, kamar an ɗaure su. Wani dattijo masunci ne ya fahimtar da ni cewa farin bado da dare yake buɗewa, yana rufewa idan rana ta ɗaga. Washegari na dawo bayan sallar asuba. Ya ɗauke ni a kwalekwalensa, ya tura mu cikin ganyen a hankali, ya kafa gora ya tsayar da jirgin. Ruwa shiru, furanni a buɗe ko'ina, farare tas da rawaya a tsakiya, ga kainuwa tana yawo a gefe. Har yau ban ɗauki hoton da ya kai na wannan safiyar ba. Kuma ba don dattijon nan ba, da na koma gida hannu rabbana. Shi ya san lokacin, ni waya kawai na riƙe.

Idan za ka ɗauki bado, ka nemi masunci ya kai ka, ka kuma sallame shi. Kada ka tsunduma cikin ruwan da ba ya gudu, saboda tsargiya. Ka ɗaura wa wayarka igiya a wuyan hannu. Dagona kuma tana cikin gandun daji na ƙasa na Tafkin Chadi, sai ka nemi izinin ma'aikatan gandun kafin ka shiga.

A tudu ma akwai abin kiyayewa. Farkon damina lokacin fitar maciji ne da kunama. Kububuwa launinta ɗaya da ƙasa, kuma ba ta gudu. Kafin ka durƙusa, ka bubbuga wurin da sanda. Ka sa takalmi rufaffe. Ka faɗa wa mutanen gida inda za ka. Idan gonar wani ce, ka yi sallama, ka nemi izini, kada ka taka shuka. Yara kuma kada su tafi su kaɗai.

Mun zo kashi na ƙarshe, kuma shi ne ya fi damuna. Maganar suna.

A 1916 wani likita Bature mai suna Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa, ya buga littafi na sunayen tsirrai da Hausa. A 1937 ya fitar da wani babba a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Daga ina ya samo sunayen? Daga bakin manoma da makiyaya da masu magani, wato kakanninmu. Yau ka tsayar da ɗan sakandare a Gashuwa, ka nuna masa ciyawa goma, da wuya ya kira sunan huɗu. Mu kuwa a nan tsiro ɗaya yana iya samun suna da Badanci, da Manganci, da Fulatanci, da Hausa. Duk tsohuwar da ta rasu, da wasu sunayen take tafiya.

Saboda haka idan ka ɗauki hoton fure, ka ƙara biyu. Ɗaya na ganyen, ɗaya na tsiron gaba ɗaya a inda yake tsaye. Ka dawo gida ka zauna kusa da Kaka, ko Baba, ko Inna. Ka ce, Kaka, mene ne wannan? Me ake yi da shi? Dabba tana ci? Ka rubuta abin da ta faɗa, da harshen da ta faɗa. Ka rubuta wurin, ka rubuta kwanan wata. Hoto, suna, wuri, kwanan wata. Zan sake faɗa: hoto, suna, wuri, kwanan wata.

Me ya sa kwanan wata? A birnin Kiyoto na Japan, mutane suna rubuta ranar da wata bishiyarsu ke cika fure tun fiye da shekara 1,200. A 2021 ta cika ranar 26 ga Maris, da wurin da ba a taɓa gani ba kafin nan a duk tsawon rubutun. Da wannan masana suka ƙara gane yadda yanayi ke canzawa. Mu ma ƙasarmu tana canzawa a gaban idonmu. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan fadamunmu ba kamar da ba. Kacalla ta toshe mashigai, ta cinye wuraren da a da bado da shinkafa suke. Dattawa suna faɗa da baki. Hoto mai kwanan wata zai tsaya musu shaida.

Akwai manhajojin waya, irin su iNaturalist da PlantNet, da za ka ɗora hoto su taimaka maka da sunan kimiyya, masana a wasu ƙasashe ma su gani. Amma suna kuskure, musamman a kan tsirran yankinmu da ba a ɗora da yawa ba. Kada ka ci wani tsiro ko ka sha shi a matsayin magani don waya ta faɗi sunansa. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da malaman makarantunmu, wannan aiki ne da za ku iya ja gaba. Idan kuma za ka tura wa wani hoton ta WhatsApp, ka tura shi a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana rage masa kyau.

Ga aikin da zan bar muku. Idan ruwa ya kusa, kuka takan yi fure. Ka nemi wadda ke kusa da gidanku, ka duba ƙwallayen kore da ke reto a dogon zare. Da magariba suke fashewa, babban farin fure ya fito yana kallon ƙasa. Jemagu ne ke zuwa masa cikin dare. Kafin wata magaribar ya yi ja ya faɗo. Ka je da sassafe, ka tsaya a ƙarƙashinsa, ka ɗaga wayar sama, ka taɓa tsakiyar, ka rage haske kaɗan. Sannan ka kai wa Kaka, ka tambaye ta yadda suke kiransa.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A huta lafiya. Assalamu alaikum.